Daren Kebbe da Zaren Hasken da ke Bayan Baɗnul Hutu

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san jerin garuruwanta kamar yadda ya san tafin hannunsa. Daga birnin Shehu sai Boɗinga, da Sifawa a gefenta inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, sai Shagari, garin Shugaba Shehu Shagari wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, sa'an nan Tambuwal, bayan tafiyar kimanin kilomita 100. Tambuwal tsohon ribaɗi ne, nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna yana tsaron wannan ɓangare na daula. Yawancin matafiya a nan suke shan ruwa su wuce. Kaɗan ne ke barin babbar hanya su nufi kudu, inda ƙasar Kebbe take kwance tsakanin jihar Kabi da jihar Zamfara, gulbin Zamfara yana ratsa fadamunta a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Masu karatu na nesa su lura, Kebbe dabam, Kabi ta Kanta dabam, ko da yake a rubutun boko harafi ɗaya ne ya raba su.

Mu kam ba hatsi ko albasa ta kai mu Kebbe ba. Duhu muka je nema. Mun san wannan magana za ta ba wasu dariya, musamman ma'aikatan da ke zaune a birni suna kukan ɗaukewar lantarki dare da rana. Amma akwai irin duhun da ya zama kaya mai tsada a duniya, watau duhun sama wadda fitilun gari ba su dusashe ta ba. A manyan biranen Turai da Amurka akwai mutanen da suka girma har suka yi furfura ba su taɓa ganin farin gwadaben nan da ke ratsa sama da dare ba, wanda Larabawa ke kira Majarra. Ko a Kano da Kaduna yanzu sai mutum ya fita bayan gari da nisa kafin ya gan shi. A Kebbe kuwa yaro ya fito fitsari da dare yana ganinsa bisa kansa, bai ma ɗauke shi bakin komai ba.

Abokin tafiyarmu malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, yana da madubin hangen nesa irin na masu sha'awa, wanda ya tara kuɗinsa da kansa ya saya. Ganga ce doguwa mai kama da turmi, a gindinta akwai madubi mai lotsawa, faɗinsa inci 8, an ɗora ta bisa akwatin katako mai juyawa, ba inji ba batir. Wani Ba'amurke mai suna John Dobson ne ya yayata irin wannan ƙira a shekarun 1960 da 1970, don talaka ma ya samu damar leƙa sama. Aikin madubin tara haske ne, kamar yadda ake shimfiɗa babbar kwarya a tari ruwan sama. Ƙwayar idon mutum, ko ta buɗe iyakar buɗewarta cikin duhu, ba ta wuce milimita 7. Madubin inci 8 kuwa milimita 200 ne, saboda haka hasken da yake tarawa ya ninka na ido wajen sau 800.

An zaɓi lokacin tafiyar da lissafi. Farkon watan Nuwamba ne, damina ta ɗauke, an shiga kaka, dammunan gero suna jingine a bakin rumbuna, hazon hunturu bai yi ƙarfi ba tukuna. Sa'an nan an dace da ƙarshen watan Musulunci, lokacin da farin wata ba ya fitowa sai gab da asuba. In aka kuskure wannan ɗan tsakani, to, sai haƙuri, domin da zarar iskar arewa maso gabas ta fara kwaso ƙurar hamada, ga kuma hayaƙin ƙunar daji, sama takan yi fari kamar an shafa mata toka, taurari ƙanana su ɓace.

Wajibi ne mu faɗi wani abu a nan, ko da ba daɗin ji. Da a zamanin da ne, da mun ɗauki kayanmu mun shiga daji nesa da kowace fitila, mun kwana can. Yau ba mai hankalin da zai yi haka. Ƙauyukan wannan yanki, kamar na maƙwabtansu a Zamfara da Kabi, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane a 'yan shekarun nan, dare kuwa shi ne lokacin fargaba. Mutumin da ya ga baƙi sun kafa wata doguwar ganga a bayan gari cikin duhu yana da hujjar ya tsorata. Don haka tun da rana muka je muka gai da manyan gari, muka nuna musu kayan, aka buɗe ganga kowa ya leƙa ya ga fuskarsa a madubi, sa'an nan aka ba mu izinin tsayawa a filin wata makaranta a gefen gari, aka haɗa mu da samari masu sintiri. Abin takaici ne a ce ƙasar da take da irin wannan sama mutanenta ba su da sukunin zama waje su dube ta.

Bayan sallar Lisha mutane suka fara taruwa, yara a gaba kamar kullum. Cikinsu har da wani dattijo, malamin zaure, wanda aka ce mana shi manoma ke tambaya kwanakin shuka, kuma yana cikin masu fita duban jinjirin wata. Shi ya sauƙaƙa mana aikin, domin taswirar da malamin kimiyya ya zo da ita da abin da ke cikin kan dattijon abu ɗaya suka zama. Malamanmu na ƙasar Hausa sun daɗe da riƙe lissafin manzilolin wata 28, kowace tana da kwana 13, ɗaya tana da 14, su cika shekarar rana ta kwana 365: Surayya wadda mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, haka har ƙarshe. Da wannan lissafi ake sanin shigar bazara da faɗuwar ruwa da tsananin ɗari. Wannan ilimin falaki ne na hisabi da lura, ba shi da haɗi da duba ko bugun ƙasa, kuma da shi magabata suka gane alƙibla da lokutan salla.

Dattijon ya ɗaga sandarsa ya nuna taurari huɗu da suka yi murabba'i babba a tsakiyar sama. Larabawan da sun kamanta su da guga, biyu na gaba suka ce musu Fargul Muƙaddam, biyu na baya Fargul Mu'akhkhar, watau bakunan da ruwa ke zuba, su ne manzila ta 26 da ta 27. Daga kusurwar gugan wani jerin taurari ya miƙa wajen arewa maso gabas kamar igiya, a tsakiyarsa akwai tauraro mai ɗan ja, shi ne manzila ta ƙarshe, Baɗnul Hutu, wadda kuma ake kira Risha, igiyar guga. Turawa suna ce masa Mirach. In ka bar shi ka hau taurari biyu ƙanana zuwa arewa maso yamma, ka tsai da ido, za ka ga wani ɗan fari-fari kamar an goga alli a baƙin allo an share. A Kebbe ba a bukatar wani gilashi kafin a gan shi.

Wannan ɗan tabo yana da tarihi da ya shafe mu. Mutumin da aka fara samun bayaninsa a rubuce shi ne Abdurrahman as-Sufi, masanin taurari da aka haifa a Rayyi ta ƙasar Farisa a 903, ya rasu a 986. A wajen 964 ya gama littafinsa Suwarul Kawakib, inda ya zana surorin taurari, ya gyara ƙimar haskensu, ya kuma ambaci wannan tabo a matsayin ɗan gajimare. Sai da aka yi shekara 900 da ɗoriya kafin a san ko mene ne. A 1923 Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai faɗin inci 100 a dutsen Wilson na Amurka, ya gano wani tauraro mai haske yana raguwa yana ƙaruwa a cikin tabon, ya auna nisansa, ya tabbata cewa abin yana can waje da Majarrarmu ƙwarai. Watau wata majarra ce mai zaman kanta, garke na taurari dubban miliyoyi, wadda yau ake kira Andromeda. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 yake yi da 'yan daƙiƙu, amma daga can sai ya yi shekara miliyan 2 da rabi yana tafe.

To, amma ba ita muka zo nema ba, ita mai sauƙi ce. Wadda ta kawo mu ba ta da suna a bakin Larabawa ko Hausawa, lamba kurum gare ta, NGC 891, bisa ga kundin da Dreyer ya tsara a 1888. William Herschel ne ya fara ganinta ran 6 ga Oktoba 1784 a Ingila. Shi kansa da fari ba ma'aikacin falaki ba ne, makaɗi ne ɗan Hanoba ta Jamus, da hannunsa yake narka ƙarfe yana goge madubansa, ƙanwarsa Caroline tana zaune da fitila tana rubuta abin da ya faɗa. Nisan wannan majarra ya kai kimanin tafiyar haske ta shekara miliyan 30, ya ninka na Andromeda fiye da sau 10.

Abin da ya sa masu madubin hangen nesa ke ƙwallafa rai a kanta shi ne yadda take fuskantarmu. Mai karatu ya ɗauki faifai. In ya riƙe shi yana kallon fuskarsa, zai ga da'ira da zoben saƙa suna kewaya cibiya. In ya karkata shi kaɗan, sai ya koma kamar ƙwai, haka Andromeda take a wurinmu. In kuwa ya ɗaga shi daidai ido yana kallon bakinsa, faifan duka sai ya zama siririn layi mai ɗan kumburi a tsaka. Majarra irin wannan faifai ce ta taurari, NGC 891 kuwa bakinta ta juyo mana sak. A tsakiyar kaurin faifan akwai ƙura da iska mai sanyi da suka kwanta, su ne ke tare hasken da ke bayansu, shi ya sa a hotunan manyan madubai ake ganin baƙin zare ya raba ta biyu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar an kifa faifai bisa faifai.

Malamin kimiyya ya ce a juya a dubi yamma. Can Majarrarmu ta gangara, kuma kowa ya ga yadda wani baƙin rami ya tsaga ta biyu bisa tsawonta. Wannan tsaga ita ce irin ƙurar da ake magana. Mu ma cikin faifai muke zaune, faɗinsa wajen tafiyar haske ta shekara 100,000, ranarmu tana kimanin 26,000 daga cibiyarsa, kuma da yake muna cikinsa ta baki kaɗai muke iya ganinsa. Al-Biruni ya yi hasashen cewa farin gwadaben nan tarin abubuwa ne masu kama da taurari da ba su ƙirguwa, Galileo ya tabbatar da haka da ɗan madubinsa a 1610. Masana suna cewa NGC 891 ta yi kama da tamu a girma da siffa. Wanda ya gan ta, ya ga kwatancin yadda gidanmu zai bayyana ga mai hange daga waje. Wanda ke cikin ɗaki ba ya ganin jinkarsa sai ya dubi ta maƙwabci.

Wajen ƙarfe goma aka fara farautar. Daga Baɗnul Hutu aka bi igiyar zuwa tauraron ƙarshenta, wanda Larabawa suka ce wa Anaƙul Ardi, Turawa suka mai da shi Almach. A madubi ya rabu biyu, ɗaya ruwan zinariya ɗaya shuɗi, yara suka yi ta sowa. Daga nan sai a matsa gabas misalin faɗin yatsu biyu in an miƙa hannu, ta wajen tauraron Ra'asul Gul. Wurin ke nan. Aka sa ido, ba komai sai ƙananan taurari barkatai kamar an watsa gero.

A nan ne aikin ya koma na haƙuri. Hasken wannan majarra kaɗan ne, ga shi kuma ya bazu bisa tsawon da bai kai rabin faɗin cikakken wata ba, saboda haka da ƙyar ya fi duhun da ke kewaye da shi. Dole aka roƙi jama'a kowa ya kashe tocila, ya sa wayarsa a aljihu, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya kai ƙarfinsa, walƙiya ɗaya ta fuskar waya kuwa ta isa ta rushe wannan duka. Sa'an nan akwai wata dabara. Tsakiyar ido, inda muke karatu da shi, ba ta da kirki a duhu, ƙwayoyin da ke jin haske mai rauni a gefe suke. Mai nema sai ya kau da kallonsa kaɗan daga inda abin yake, ya saci kallonsa ta wutsiyar ido, irin kallon da suruka ke yi wa suruki. In an ɗan taɓa gangar ta girgiza, abin yakan fito, don ido ya fi saurin kama abu mai motsi. Da haka, bayan wani lokaci, sai ga shi: siririn zare mai launin toka, kamar hayaƙin turare a ɗaki mai duhu, yana bayyana yana ɓacewa. In ka dube shi kai tsaye ya gudu, in ka kau da kai ya dawo.

Malamin kimiyya ya kafa sharaɗi tun kafin a fara layi, wanda a ganinmu shi ne mafi amfanin abin da aka yi a daren. Ya ce duk wanda ya leƙa kada ya faɗi komai da ƙarfi, ya zo gefe ya zana masa a ƙasa ta inda zaren ya kwanta. Waɗansu suka zana daidai da juna ba tare da sun ji na kowa ba. Waɗansu suka ce ba su ga komai ba, aka gode musu. Wani saurayi kuwa, wanda ashe da rana ya ga hoton majarrar a waya, ya ɗago yana murna ya ce ya gan ta sarai har da baƙin zaren tsakiya. Dattijon nan ya karɓi wurin, ya daɗe a sunkuye, rawaninsa na gogar ganga, sa'an nan ya miƙe.

Ya ce, "Ɗana, mi kag gani? Ni dai hayaƙi nig gani tsaye, ya ɗan jirkice. Baƙin zare kam ban gane shi ba."

Saurayin ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi kamar na gan shi."

"To, kamar ɗin nan ita za ka riƙe. Kak ka yar da ita."

Gaskiyar dattijo ce. Madubin inci 8 da wuya ya nuna wannan zare, yawanci sai mai faɗin inci 12 ko fiye, a sama mai tsabta, ga idon da ya saba. Saurayin ba ƙarya ya shirya ba. Abin da ya riga ya sani ne ya cika masa gurbin abin da idonsa ya kasa kawowa. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekara 1,000 da suka wuce, bayan ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga waje, ya yi dogon bayani a kan cewa gani ba aikin ido kaɗai ba ne, hankali yana ƙarasa shi da kwatance da abin da ya saba, kuma ta nan kuskure ke shigowa, musamman in haske ya yi rauni ko abu ya yi nisa.

Masu karatun wannan shafi sun riga sun hango inda maganar ta dosa. Kowace shekara, daren 29 ga Sha'aban da na Ramadan, jama'ar ƙasar nan suna kasa kunne ga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, inda ake tattara rahotannin hakimai da na kwamitin duban wata kafin a yi sanarwa. Azumin miliyoyin mutane da sallarsu, da rufe kasuwa da hutun ofis, duk suna rataye ga shaidar wanda ya ce ya gani. Jinjirin daren farko kuwa ɗan'uwan wannan majarra ce wajen wuyar gani, siririn zare ne cikin jan sama da ƙura. Masanin Faransa André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ido ba ya kama shi, kuma ba a tabbatar da wani ya ga jinjirin da bai kai sa'a 15 da haihuwa ba da ido tsura. Mutumin kirki mai gaskiya yana iya ɗaukar guntun gajimare ko farin layin jirgin sama a matsayin wata, don zuciyarsa tana so. Hukuncin karɓar shaida na malamai ne da alƙalai, ba mu shiga hurumin da ba namu ba. Abin da muke cewa kurum shi ne ido yana koyuwa kamar yadda hannu ke koyon awo, kuma tambayar da aka yi wa masu leƙen majarra, ina ya karkata, a wane wuri, da wane lokaci, ita ce tambayar da magabata ke yi wa mai cewa ya ga wata. Da attajiranmu masu gina masallatai za su ƙara da sayen irin wannan madubi ɗaya ga kowace gunduma, a damƙa shi ga malamin makaranta da malamin zaure tare, da samarin da ke fita duban wata sun samu wurin horon ido a sauran darare 28.

Tsakar dare ta yi, Kaza da 'Ya'yanta sun hau tsakiyar sama, sanyin fadama ya fara ratsa riguna. Taurarin ɗan'adam da aka yawaita harbawa tun 2019, waɗanda suka yi ta gilmawa a farkon dare, sun ɗauke. Can wajen kasuwa fitilar sola guda ɗaya tana ci, ita kaɗai ta isa ta hana mu duban wannan kusurwa, kuma ba mu ga laifin wanda ya kafa ta ba, a garin da haske yake nufin tsaro. Samarin sintiri suka ce lokaci ya yi. Raɓa ma ta fara sauka bisa madubi.

Akwai wata majarrar mai juyo baki, NGC 4565, wadda Turawa ke kira Allura, Herschel ya gano ta a 1785. Ta fi wannan haske, baƙin zarenta ma ya fi sauƙin kamawa. Tana gabas da tauraron Sarfa, manzila ta 12, cikin ɗan cincirindon taurarin da Larabawa suka kamanta da kitso. Ba ta hawa sama da farkon dare sai bazara, lokacin da ƙura ta fi yawa, saboda haka dabara ita ce a jira watan Mayu, daren da ruwan farko ya wanke sama gajimare ya janye. Dattijon ya lissafa da yatsunsa ya ce lokacin manoma na kan shuka, ba kowa zai iya hana idonsa barci ba, amma shi in da rai zai fito. Malamin kimiyya ya rufe bakin gangar da leda, ya naɗe ta cikin bargo saboda ƙurar hanya, aka ɗaure ta a bayan mota don komawa Tambuwal da safe.